Ajin Ƙarshen Baranda

Litinin, da hantsi, a shago

Yau ma an sallami yara. Hadari ya haɗu tun da safe, Hedimasta ya ce ba zai bar ɗan kowa a ƙarƙashin wannan rufin ba, bayan rufin aji huɗu ya faɗo a kan yara. Ba wanda ya yi masa musu. Ajin su 'yata Tsuntsuwa kaɗai aka bari, don shi rufinsa lafiya lau yake. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen baranda, da can wurin ajiye tsintsiya da bokitai ne. Su bakwai ne a ciki, duk kurame, sai Malamarsu. Su ba ruwansu da tsawa.

Ni da Maman 'yan biyu kowa tana kan kekenta, ga ɗinki ya taru, amma hira ta fi aikin yawa. Ta ce tagwayenta sun kusa manta yadda ake riƙe fensir. Na ce ai ko ba ruwa, a ajin da yara suka kusa ɗari, wa ya san mai riƙe da fensir da mai riƙe da kunnen ɗan'uwansa? Muka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

Da yamma zan je asibiti. Ba na so, amma zan je.

Litinin, da yamma

Gola ya ci abinci yau. Ɗan Yayana, yaron da bai iya zama wuri ɗaya ba, wanda duk ƙwallon da aka buga a layinmu shi ke tsaron raga, ga shi kwance an lulluɓe shi daga ƙugu zuwa ƙasa. Ban kalli wajen ba. Ya tambaye ni ko an ɗauko masa jakarsa daga cikin ajin. Na ce an ɗauko.

Yaya yana tsaye bakin taga da kayan garejinsa, ko hannu bai wanke ba. Ya ce, "Jibi za mu koma ofishin ilimi, wannan karon da iyaye duka. Ke za ki yi magana."

Na ce, "Ai kai ne shugaban kwamitin iyaye."

Ya ce, "Ni idan na buɗe baki yanzu, ba magana ce za ta fito ba."

Laraba, bayan mun dawo

Ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Mun yi yawa, fiye da yadda na zata. Masu shaguna sun rufe, mata da goyo, har tsohon nan mai gyaran takalmi wanda ba shi da ko jika a makarantar. Maza suka ɗauko benci ɗaya da ya karye daga aji huɗu, da fallen kwanon da ya lanƙwashe, suka ajiye a ƙofar ofishin. Maigadi ya ce Darakta ba ya nan. Ga motarsa a inuwa, direban na barci a ciki.

Muka zauna a ƙasa. Rana ta yi mana yadda take so. Can wani mai ɗauke da fayil ya fito ya ce mu zaɓi mutum uku su shiga. Na ce masa uku ba za su shiga ba, don ba yara uku ne ke zama a ƙarƙashin rufin ba. Na ce ba bara muka zo ba. Kowa a nan ana karɓar haraji a hannunsa, na shago daban, na kasuwa daban, kuma duk shekara muna ji a rediyo an ware wa ilimi kaso. Na ce a nuna mana inda kason yake sauka, mu je can mu kai 'ya'yanmu.

Ban san akwai ɗan jarida a bayana ba sai da na juya.

Darakta bai fito ba. Bencin muka bar masa a ƙofa.

Alhamis, da safe

An sa muryata a rediyo. Na kira Tsuntsuwa, na ɗora tafin hannunta a kan lasifika, na yi mata alama cewa ni ce. Ta ɗan saurara da hannun, sai ta kalle ni ta yi alamar "faɗa kike yi." Na ce e, faɗa nake yi. Ta tambaya da wa. Na rasa alamar Darakta, sai na yi mata babban tumbi da alƙalami. Ta yi dariya har da faɗuwa kan tabarma.

Wani lokaci nakan manta yadda muke a da. Tana da shekara biyar, ba ta da abin faɗi sai ihu da nuni da yatsa. Idan cikinta na ciwo, sai ta yi ta dukan ƙofa, ni kuma in yi ta kuka ina tambayarta abin da na san ba za ta ji ba. Malama ce ta zo har shago ta ce in kawo ta. Wata uku da shigarta ajin, ranar nan ina wanke-wanke ta ja mini zani, ta ba ni labarin mafarkin da ta yi, wai akuya ta hau motar babanta tana tuƙi. Ashe duk shekarun nan tana mafarki, ba wanda za ta faɗa wa.

Daga nan hannuwan ba su sake hutawa ba. Shi ya sa babanta ya sa mata Tsuntsuwa.

Asabar, da rana

An ce za a sake shiga da Gola ɗakin tiyata. Ban tambayi dalili ba.

Litinin, da yamma

Darakta ya aiko a kira Yaya da Hedimasta. Su biyu kawai. Na ce in bi su, Yaya ya ce ba a ambace ni ba, kada mu ɓata abin da ya fara gyaruwa.

Da ya dawo ya biyo ta shago. Maman 'yan biyu ta tare shi tun daga bakin ƙofa. Ya ce akwai haske, za a sake rufin ginin gaba da na baya gaba ɗaya, kuma za a ƙaro malamai uku. Ta rungume ni har allurar da ke maƙale a rigata ta soke ta. Na ce, "Haka kawai, Yaya? Ba su nemi komai ba?"

Ya ce, "Za a yi bayani ranar taro."

Yana maganar yana kallon zaren da ke kan tebur. Na san Yaya. Tun muna yara, idan ya fasa wani abu a ɗakin Inna, haka yake kallon ƙasa.

Talata, da azahar

Na je ɗauko Tsuntsuwa, Malama ta ce in ɗan dakata. Ta bar yaran suna share allo, ta ja ni bayan aji. Ta ce akwai sabon tsari daga sama, duk ajin da bai kai yara ashirin ba za a haɗe shi da wani. Nasu ba shi da wanda za a haɗe shi da shi a nan, don haka za a mayar da yaran makarantar kurame ta can ƙarshen gari. Ta ce an daɗe ana son yin haka, ana tsoron surutun iyaye. Yanzu an samu hanya. Idan kwamiti ya amince da kansa, kuma aka daina zuwa rediyo, sai a yi rufi.

Na ce, "Ke fa?"

Ta ce, "Ni ma'aikaciya ce, inda aka ce in je nan zan je. Don Allah kada ki ce daga bakina kika ji."

Talata, da yamma

Na same shi a gareji, ya kwance injin wani babur ya baza a ƙasa. Na tsaya a kansa har sai da ya ɗago.

"Yaya, da gaske ne?"

Bai tambaye ni mene ne ba. Ya ce, "Ba rufe shi za a yi ba. Mayar da shi za a yi."

"Ina?"

"Makaranta ce mai kyau. Na je na gani da idona."

"Yaushe ka je?"

Ya mayar da ido kan injin. Wato har ya samu lokacin zuwa ya gani, bai samu lokacin tsallako titi ya faɗa mini ba.

Na ce mota biyu ake shiga kafin a kai can. Na ce yarinyar da ba ta jin hon, ita ce za ta tsallaka babban titi safe da rana? Ya ce za a san yadda za a yi. Na ce wa zai sani? Ya ɗauki sufana ya ci gaba da aikinsa. Ya ce, "Yara sun fi ɗari shida a makarantar nan, ƙanwata. Damina yanzu ta fara."

Na dawo. Na ƙona abinci.

Laraba

Ban je asibiti ba.

Alhamis, da hantsi, a shago

Tun safe ba abin da ake ji sai ƙarar kekuna biyu. Labari ya zaga. Na ga yadda masu kawo ɗinki suke gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa, kamar an yi mini rasuwa.

Maman 'yan biyu ta tsayar da kekenta. Ta ce, "Zan faɗa miki yanzu, don kada ki gani ranar Lahadi ki ce na munafurce ki. Ni zan ɗaga hannu."

Na ce ai hannunta ne.

Ta ce, "Ranar da abin ya faru, ɗaya daga cikin tagwayena benci biyu ne tsakaninsa da Gola. Har yau idan iska ta buga ƙofa sai ya shige ƙarƙashin gado. Me kike so in yi?"

Gaskiya ta faɗa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ma muguwa ce, da na samu sauƙi. Shekara tara muna raba almakashi ɗaya, ita ta zauna da ni ranar da likita ya tabbatar mana Tsuntsuwa ba ta ji.

Na ce ta miƙo mini baƙin zare. Ta miƙo.

Juma'a, bayan na dawo

Na rufe kekena na tafi in ga makarantar kuramen. Motar farko ta cika, na tsaya a tsaye. Aka sauke mu a babbar mahaɗa, inda motoci ke zuwa ta ko'ina, ba danja, ba ɗan sanda. Ni da nake da kunne biyu sai da wani mai babur ya kusa kwashe ni. Mota ta biyu ba ta tashi sai ta cika. Na fita rana ba ta yi zafi ba, na isa ana shirin fita tara.

Makarantar tana da kyau. Na so a ce ba ta da kyau. Akwai fenti, akwai bishiyoyi, akwai fitila mai walƙiya maimakon ƙararrawa. Yara suna ta hira da hannu a fili, kamar an saki tantabaru. Shugabar ta karɓe ni da mutunci. Na tambayi ɗakin kwana, ta ce ya cika, kuma sai manya ake ɗauka. Na tambayi motar ɗaukar yara, ta nuna mini ita a bayan gini, a kan duwatsu, ba taya ko ɗaya.

Da na dawo na zaga gidajen sauran iyayen. Biyu sun ce za su ƙoƙarta. Kakar ɗaya ta nuna mini gwiwoyinta kawai. Mai wanki, wanda 'yarsa ce babbar ƙawar Tsuntsuwa, ya saurare ni yana guga bai tsaya ba. Ya ce, "Ni kaɗai ne da ita, uwarta ta rasu kin sani. Idan na kai ta na ɗauko ta, wa zai yi wankin? Ta zauna kusa da ni, ta iya ninke kaya."

Yarinyar tana zaune kan ƙullin kayan wanki tana kallon bakinmu.

Asabar

Tsuntsuwa ta tambaye ni me ya sa idona ya yi ja. Na ce zare ne ya shiga.

Lahadi, da yamma

An yi taron a filin makaranta, don ba wanda ya yarda ya shiga aji. Hedimasta ya yi bayani, Yaya ya ƙara. Ya yi magana da kyau, ban taɓa jin ya yi magana haka ba. Da ya zo kan ajin ƙarshen baranda sai ya ce "ƙananan gyare-gyare."

Na miƙe. Na ce mun fita rana tare, mun zauna a ƙasa tare, ba mu ce ban da 'ya'yan wane ba. Na ce rufi haƙƙinmu ne, malamai haƙƙinmu ne, ba a sayen haƙƙi da wani haƙƙin. Na ce idan yau aka karɓi bakwai muka yi shiru, baɗi za a zo da wani tsarin a karɓi wasu. Na ce mu ƙara haƙuri kaɗan, sun fara jin zafi, shi ya sa suka kira mu.

Wani daga baya ya ce, "Haƙuri har sai wani rufin ya faɗo?" Wata ta ce ai ba korarsu aka yi ba, makaranta aka sake musu, har ma wadda ta fi tamu. Ba su yi mini ihu ba. Da sun yi, da na fi jin daɗi. Kallona suke yi da tausayi, suna jiran in gama.

Aka ce a ɗaga hannu. Ban ƙirga ba, ba sai an ƙirga ba. Na Maman 'yan biyu yana sama, kanta yana ƙasa.

Daga nan na juya wajen Yaya na faɗi wata magana. Ba zan rubuta ta ba.

Litinin, da safe

Ruwa kamar da bakin ƙwarya tun asuba. Ba makaranta.

Litinin, da yamma

Inna ta zo, cikin ruwan nan, da lemarta mai karyayyen ƙarfe. Ba ta zauna ba, ba ta karɓi ruwan da na kawo mata ba.

Ta ce, "Ke kika ce wa ɗan'uwanki ya sayar da 'yarki da kwano?"

Na ce ni ce.

"Ke kika ce masa ko an rufe makarantar da zinariya, ba zai mayar wa ɗansa da ƙafa ba? A gaban mutane?"

Na ce ita ma ni na faɗa.

Ta ce, "Ni na haife ku duka biyu, kuma ban san wanda zan ce ya yi daidai ba. Amma wannan maganar ba ta gidana ba ce." Ta ce tun jiya bai ci komai ba, ya je asibiti ya zauna a baranda bai iya shiga wajen yaron ba.

Na ce, "Inna, ni fa? Wa ya tambayi ko na ci?"

Ta daɗe tana kallona. Sai ta zauna, ta jawo Tsuntsuwa jikinta, ta fara warware mata kitso. Inna ba ta iya alama ko ɗaya ba sai ta "zo" da ta "ci." Haka suka zauna har ruwa ya tsagaita.

Laraba, da rana

Maigida ya kira daga hanya, yana jiran a sauke masa kaya. Na faɗa masa komai. Ya ce to, ai ta iya karatu da rubutu daidai gwargwado, ta zauna a shago ta koyi ɗinki mana. Na ce shekararta goma. Ya ce shi ma a shekara goma ya bar makaranta. Na ce shi ya sa har yau alama biyar ka iya, 'yarka tana ba ka labari kana gyaɗa kai kamar ka gane.

Ya kashe wayar. Bakina kwanan nan ba ya barin kowa.

Can ya sake kira. Ya ce idan ya dawo zai riƙa kai ta duk ranar da yake gari. Kwana nawa yake yi a gari?

Alhamis, da hantsi

Tirela ta sauke kwano da katako a makaranta. Sabbi fil, suna ƙyalli. Kwana huɗu da ɗaga hannu.

Ashe akwai.

Juma'a, da rana

Mun koma ofishin ilimi, mu iyayen ajin. Mu huɗu muka samu zuwa. Na kira ɗan jaridan nan, ya ce ai ya ji an sasanta. Wannan karon ba a bar mu a rana ba, an shigar da mu har da ba mu kujera. Mataimakin Darakta ya ce ya fahimci damuwarmu ƙwarai. Na ce to a gyara motar makarantar can, ko a bar Malama da yaran zuwa ƙarshen shekara. Ya ce zai kai maganar gaba. Ya ce, "Amma Hajiya, ai kwamitinku ne ya amince."

Bencinmu yana nan a gefen ƙofa, maigadi ya sa masa bulo a ƙarƙashi yana zama a kai.

Asabar, da yamma

Na faɗa wa Tsuntsuwa.

Na zaunar da ita a kan gado, na yi alamun a hankali. Sabuwar makaranta. Babba. Yara da yawa masu magana da hannu kamar ke. Idonta ya yi haske. Sai ta tambaya, Malama za ta je? Na ce a'a. 'Yar mai wanki fa? Na ce ban sani ba. Ta tambaya, laifi muka yi?

Na ce ba ku yi laifi ba. Ta ce to me ya sa?

Na fara yi mata bayanin rufi, da ofis, da ɗaga hannu, sai hannuwana suka tsaya. Ta jira. Da ta ga ba zan ci gaba ba, ta juya fuskarta bango. Idan Tsuntsuwa ta juya baya, shi ke nan, ba ta inda magana za ta shiga.

Lahadi, da yamma

Ita ta ce sai an kai ta wajen Gola. Ta sa takalmi ta tsaya a bakin ƙofa. Ba yadda zan yi.

Muna shiga ta wuce kai tsaye ta ɗaga mayafin. Ni duk makonnin nan ban iya ba. Ta kalla sosai, ta kalle shi, ta yi alamar "da zafi?" Gola ya fi mu duka iya hannunta, tare suka tashi. Ya amsa mata da hannu, yana faɗi da baki, "Ƙaiƙayi yake yi. A wajen da babu." Ta yi tunani, sai ta sosa katifar daidai wurin. Ya yi dariya. Uwarsa ta ce rabonsa da dariya tun ranar.

Yaya yana baranda. Ya rame. Na tsaya kusa da shi, muna kallon masu shanya a bayan asibiti.

Na ce, "Maganar da na faɗa..."

Ya ce, "Bar ta. Ai gaskiya ce."

Can ya ce, "Na roƙi Darakta ya bar ajin. Wallahi na roƙe shi. Ya ce ko duka biyun, ko babu ko ɗaya."

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa mini tun ranar ba?"

Ya ce, "Don na san za ki hana ni. Kuma na san zan hanu."

Ban ce na yafe ba, shi ma bai nema ba. Na tambaye shi ko ya ci abinci. Ya ce zai ci.

Alhamis, da azahar

Ranar ƙarshe ta ajin. Malama ta cire hotunan alamu daga bango ta raba wa yaran. Kafintoci suna ta buga ƙusa a sama, yaran suna jin bugun a ƙafafunsu suna dariya.

Na tambaye ta ina aka tura ta. Ta ce ba ko'ina, aji biyu aka ba ta, a nan. Na ce ban gane ba. Ta ce, "Malamai ukun da aka ce za a ƙaro, ni ce ta farko."

Ban faɗa wa Yaya ba tukuna. Ban san ko zan faɗa masa ba.

Asabar, a shago

Na yanka sabon yunifom, kore ne nasu. Maman 'yan biyu ta ɗauki rigar, ta yi mata maɓallai. Ta fi ni iya ramin maɓalli. Ta ce idan na makara da safe za ta riƙa buɗe shago, ta karɓar mini ɗinki. Na ce to.

Litinin, da rana

Mun je mun dawo. Uku ne cikin bakwai suka je. Ba ta yi kuka ba. Ni ce na tsaya a bakin get har maigadi ya tambaye ni ko na manta wani abu.

Na isa shago rana ta take. Ban gama zama ba lokacin komawa ya yi.

Talata

Haka.

Laraba, da hantsi, cikin mota ta biyu, a hanyar dawowa

Dole ta gaban shagon mai wanki muke bi. Shekaranjiya da jiya na bi da mu ta ɗaya gefen titi, na sa Tsuntsuwa ta ɓangaren bango. Yau ta fizge hannunta ta tsallaka.

Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa cikin tsohon yunifom, an goge shi tsaf, da jakarta a baya. Uban ya ce haka take yi kullum tun Litinin, ta shirya ta tsaya, sai rana ta yi ta cire. Ya ce ya yi mata bayani iya yadda ya iya. Yana maganar bai ɗago daga guga ba.

Suka yi ta hira da hannu, da sauri har ban kama rabi ba. Sai yarinyar ta juyo gare ni, ta nuna ƙirjinta, ta yi alamar "ni ma?"

Na kalli uban. Dutsen gugar ya tsaya wuri ɗaya har na ji ƙaurin yadi.

Na ce masa, "Yau dai zan tafi da ita. Gobe ban sani ba."

Ya ce, "Allah ya saka." Ya shiga ciki ya ɗauko mata takalmi.

A babbar mahaɗa na riƙe ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Muna tsakiyar titi wata babbar mota ta taho tana hon, su biyun suna ta kallon wani mai sayar da balan-balan. Na so in ce musu ku yi sauri, sai na ga ba ni da hannun da zan faɗa da shi, duka biyun a riƙe suke. Na ƙara damƙe su, na ja, muka tsallaka.

Saura uku a gida.